Shiki: Labarin Ƙauyen Da Matattunsa Suka Dawo

Iyaye da yawa a zangunanmu, in suka leƙa wayar yaro suka ga zane ne yake motsi, sai hankalinsu ya kwanta, su ce ai katun ne, wasan yara. Haka muka taso muka sani, tun zamanin da ake taruwa a gida ɗaya mai talabijin a unguwa ana kallon kyanwa tana bin ɓera. To amma zanen da ke fitowa daga ƙasar Japan, wanda ake kira anime, ba dukansa aka yi don yara ba. Akwai wanda aka yi don manya zalla, har ma a can ƙasarsu sai dare ya raba ake nuna shi. A wannan wata mun ɗauki guda ɗaya daga cikin irin waɗannan, mai suna Shiki, muka kalle shi daga farko har ƙarshe, domin mu faɗa wa iyaye da 'yan'uwanmu malamai abin da ke ciki, inda ya yi kyau da inda ya gaza. Wanda ba ya son a ba shi labarin ƙarshen fim kafin ya gani, sai ya yi mana haƙuri, don ba yadda za a auna wannan fim ba a taɓa ƙarshensa ba.

Asalin labarin littafi ne. Wata marubuciya 'yar Japan mai suna Fuyumi Ono, wadda aka haifa a 1960 kuma ta yi karatun addinin Buda a jami'a a birnin Kyoto, ita ta rubuta shi, aka buga a 1998 cikin manyan juzu'i 2. Daga baya wani mai zane, Ryu Fujisaki, ya mai da shi littafin hotuna tsakanin 2007 da 2011, sa'an nan kamfanin Daume ya ɗauki wannan zane ya yi fim da shi, Tetsuro Amino ya ba da umarni. Gidan talabijin na Fuji ya nuna shi daga Yuli zuwa Disamba na 2010, kashi 22, kowane kashi bai kai rabin sa'a ba, kuma a 2011 aka ƙara kashi 2 a faifai. Ita Ono ba ta ɓoye ba cewa sawun wani littafin Stephen King na Amurka ta bi, wanda ya fito a 1975, shi kuma King daga Dirakulan Bram Stoker na 1897 ya ɗebo. Ma'anar kalmar shiki kuwa ita ce aljanin gawa, wato gawar da ta tashi tana yawo.

Labarin ya faru ne a wani ƙauye na ƙirƙira mai suna Sotoba, cikin shekarun 1990, lokacin da ba kowa ke da waya a aljihu ba. Mutanensa kamar 1,300 ne, duwatsu da daji sun kewaye su, hanya ɗaya ce ta haɗa su da duniya. Sana'ar da aka san su da ita ita ce sassaƙa allunan kabari da akwatin gawa daga itatuwan dajinsu. Kuma suna da wata al'ada da ta bambanta su da sauran ƙasar: a Japan fiye da kashi 99 cikin 100 na mamata ƙona su ake yi, har Musulmin da ke zaune can suna shan wahalar neman maƙabarta, amma mutanen Sotoba binne nasu suke yi. Wannan al'ada ita ta jawo musu baƙi. Wani iyali mai suna Kirishiki suka gina katafaren gida irin na Turawa a kan tudu, suka tare cikinsa da tsakar dare, ba wanda ya ga fuskarsu. Daga nan sai mutuwa ta fara.

Da farko tsofaffi 3 aka tarar a wata unguwa can bayan gari, aka ce zafin bazara ne da tsufa. Sai wata yarinya 'yar shekara 15, Megumi, mai son ado da raina ƙauye, ta hau tudu don ta gaisa da baƙin, aka tsince ta a daji a galabaice. Likitan garin, Toshio Ozaki, ya duba ta ya ce ƙarancin jini ne, ba abin tashin hankali ba. Bayan 'yan kwanaki ta mutu. Haka abin ya riƙa tafiya gida gida: mutum ya yi fari fat, ya daina cin abinci, idonsa ya yi nauyi, a ga kamar cizon ƙwaro a jikinsa, kwana 3 ko 4 a kai shi kabari. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wasu daga cikin waɗanda aka binne suna tashi, kuma da sun tashi ba abin da ke kashe musu yunwa sai jinin mutum. Ba sa shiga gida sai an ce musu su shigo. To wa zai hana ɗansa ko matarsa shiga in ya ji muryarta a bakin taga? Don haka kowane mai tashi danginsa yake fara ci.

Mai karatu zai ga cewa wannan bai yi nisa da abin da muka sani ba. Mu Hausawa muna da maye, wanda ake cewa yana kama kurwar mutum har ya rame ya mutu, maƙwabtanmu Asante suna da obayifo, mutanen Ewe kuma suna da adze. Bambancin dai shi ne, shi maye rayayye ne, yana cin kasuwa tare da mu, su kuwa waɗannan sun riga sun mutu, rana tana ƙona su, da gari ya waye barci ke ɗauke su kamar an zare musu rai, kuma suna tsoron duk wani abin ibada.

Abu na farko da za mu yaba wa fim ɗin shi ne haƙurinsa wajen nuna yadda annoba ke cin gari alhali mutanen garin suna musu. Kusan rabin fim ɗin ba faɗa, ba gudu. Likita ne yake ɗiban jini, yana aikawa a gwada, yana ƙirga mamata, yana shan taba ɗaya bayan ɗaya, ranakun wata suna fitowa a kan allo suna wucewa. Tsofaffin gari na zaune a bakin kanti suna tsegumi, kowa ya mutu su ce bana dai shekarar ba ta zo da kyau ba. Su kuma baƙin ba da ƙarfi suka ci garin ba, da dabara suka ci shi. Duk wanda suka ciza yakan bi umarninsu, don haka kafin ya mutu sai ya buga waya wurin aikinsa a birni ya ce ya bar aiki, ba mai nemansa ke nan. Iyalai sukan kwashe kaya da daddare a ce sun ƙaura. Ɗan sandan gari ya mutu aka kawo nasu. Ofishin da ke rubuta mace-mace ya koma hannunsu, har likita ya je ya tarar a takarda ba wanda ya mutu a garin. Suka buɗe asibitin dare, suka buɗe gidan shirya jana'iza. Duk wanda ya taɓa bin layi a ofis yana neman wata takarda aka ce masa babu sunansa, zai gane irin tsoron da ke cikin wannan wuri.

Akwai wata tsohuwa mai bori da kowa ke ɗauka mahaukaciya ce, ita ta fara faɗin gaskiya, ta ja mutane har ƙofar gidan baƙin. Sai maigidan ya fito da rana tsaka, don shi mutum ne rayayye da ya zaɓi ya bauta musu, ya miƙa hannu likita ya duba bugun jininsa a gaban jama'a. Likita ya san gaskiyar matar, amma dole ya ce wannan mutum lafiyarsa ƙalau. Aka watse ana yi mata dariya, daga ranar ba a sake ganinta ba.

Sai mu zo kan likitan kansa, wanda a ganinmu shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Ya gaji asibitin daga mahaifinsa, yana ganin duk ran da ya fita a garin a wuyansa yake. Ya gane abin da ke faruwa, ya faɗa wa abokansa masu ilimi, suka dube shi kamar wanda ya zautu. A nan ne matarsa Kyoko ta kamu, ta mutu a hannunsa. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ɓoye gawar, ya rufe ta da ƙanƙara, yana jira. Da ta tashi, sai ya ɗaure ta a gadon tiyata, ya kunna na'urar ɗaukar bidiyo, ya shiga gwada abin da ke kashe irinsu: ya yi mata allurar guba, ya yanka, raunin ya haɗe a gabansa, ya sake yankawa, tana kallonsa tana hawaye, har daga ƙarshe ya kafa mata turken itace a ƙirji ya buga da guduma. Wannan shi ne kashi na 14, kuma ba mu taɓa ganin abin da ya kai shi nauyi a cikin zane ba. Abin da ya sa ya yi nauyi kuwa, fim ɗin bai ce likita mugu ne ba, bai kuma ce gwarzo ne ba. Ba don wannan aiki ba da garin ya ƙare ƙaf. Amma mutumin da ya fito daga ɗakin nan jina-jina, ya kunna taba, ya ce wa amininsa ya zo ya taya shi gyara wuri, mai kallo ba zai sake sakin jiki da shi ba.

Bayan haka sai labari ya juya. A daren bikin gargajiya na watan Nuwamba likita ya yaudari uwargidan baƙin, Chizuru, ya kai ta wurin bauta inda jama'a suka taru, ƙarfinta ya kare, mutane suka taɓa ta suka ji jikinta sanyi ƙalau ba bugun zuciya. Mahaifin Megumi ya shaƙi turarenta ya tuna ya taɓa jin sa a ɗakin 'yarsa. Nan take aka kashe ta. Daga wannan dare zuwa ƙarshe, waɗanda aka yi watanni ana ci su suka koma masu farauta.

Hausawa suka ce in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, kuma kashi 4 na ƙarshe abin da suka yi ke nan. Da rana ake farautar, lokacin da masu tashin ke barci ba sa iya ɗaga ko yatsa. A ɓalle dabe a jawo su, a buɗe kabad a jawo su, a shiga bututun ruwa a jawo su da ƙafa. Kuma waɗanda ake jawowa ba baƙi ba ne, ɗan maƙwabci ne, surukar wane ce, yaron da aka yi wa jana'iza wata 2 da suka wuce. A rana ta farko hannun mutane na rawa, wasu na amai. Kafin kwana 3 aiki ya zama aiki, maza na ɗaure gawa a tamfol suna lodawa a mota suna hira, mata na dunƙula shinkafa suna raba wa ma'aikata, jini a rigunansu, kamar ranar gayya. Sannu a hankali sai aka daina bambancewa. Wanda aka ciza bai mutu ba, aka ce ai nasu ne, aka kashe. Mutanen gidan bauta, rayayyu, aka zarge su da ɓoye abokan gaba, aka kashe su har da tsohuwar gidan. Mai kantin giya, Okawa, wani ƙaton mutum mai son a ce shi ne mai tsare mutuncin gari, da hannunsa ya kashe ɗansa. Megumi kuwa, yarinyar da duk burinta ta ga birni, a gona aka tare ta da taraktoci.

Mu da ke ƙasar nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mun san yadda ihun ɓarawo ke ƙarewa a kasuwa. Mun san akwai matan da aka kora daga garuruwansu da sunan maita suna zaune a Gambaga. Ba mu manta da tsohuwar nan mai shekara 90 ba, wadda aka yi wa dukan mutuwa a Kafaba kusa da Salaga a watan Yuli na 2020, mutane na tsaye suna kallo, wani ma yana ɗauka a waya. Ba mu san wani fim da ya nuna yadda mutanen kirki, masu gaisuwa da zumunci, ke zama haka cikin 'yan kwanaki kamar yadda Shiki ya nuna ba.

Fim ɗin bai bar su ma masu tashin ba hali. Akwai Nao, matar aure, wadda ta bi mijinta da ɗanta da surukanta ɗaya bayan ɗaya tana fatan su tashi su zauna tare kamar da, ba ko ɗaya da ya tashi. Akwai Ritsuko, nas a asibitin likita, wadda ta tashi ta ce ita aikinta ceton rai ne, ta ƙi shan jinin kowa, aka kulle ta ɗaki ɗaya da abokiyar aikinta don yunwa ta karya ta, ba ta karye ba. Wannan nas ita ce amsar duk wata hujja da sauran ke kawowa cewa ba su da zaɓi, kuma da masu fim sun ba ta fili fiye da wanda suka ba ta da sun kyauta. Kiɗan fim ɗin ma, na Yasuharu Takanashi, wanda yaranmu suka san aikinsa a Naruto, ya dace da wurin: muryoyin mata a hankali kamar ana zaman makoki.

To, sai inda ya gaza. Na farkon da ido ke gani shi ne zanen mutanen. Ƙauye ne na manoma da masassaƙa, amma ga mai gashi ruwan hoda, ga mai kore, ga mai shuɗi da ya miƙe kamar kunnen kyanwa, ga gemu kamar an watsa tsintsiya. Ana tsakiyar jana'iza sai wani ya shigo da kai kamar zakara, dariya ta kama mutum a inda bai kamata ba. Wasu na cewa da gangan aka yi don a iya bambance mutanen, tun da suna da yawa. To ai yawan nasu ma matsala ce. Sunaye na ta fitowa a kan allo, kafin ka riƙe sunan mutum an binne shi, kuma mutuwar wanda ba ka sani ba ba ta taɓa zuciya. A littafi mai kauri ana iya zama da kowane gida, a fim mai kashi 22 ba hali. Haƙurin da muka yaba ɗazu ma yana da iyaka, domin mai kallo ya gane masu shan jini ne tun kashi na 2 ko na 3, sai ya zauna yana jiran likita ya kamo shi. Sa'an nan ga shigar uwargida Chizuru, wadda ba ta da wani amfani ga labarin in ban da jan idon samari.

Akwai kuma yaron nan Natsuno, ɗan birni da iyayensa suka kawo ƙauye, wanda amininsa Toru ya mutu ya tashi aka tilasta masa ya ci shi. Tsakaninsu akwai abin tausayi ƙwarai, don Natsuno ya miƙa wuya ne da saninsa, yana roƙon abokinsa su gudu tare. A littafin Ono yaron ya mutu, shi ke nan. Amma a zane sai aka dawo da shi da wani irin ƙarfi, yana yawo da rana, yana shirya wa likita dabara a ɓoye, har ya ƙare da tashin nakiya shi da babban bawan baƙin. Wannan ciniki ne, an ga yaro ne mai farin jini ba a so a rasa shi. Ya rage wa labarin gaskiya, don ya nuna ba don wani mai ƙarfin da ya fi na mutane ba da mutanen Sotoba ba su iya komai ba.

Wanda ya fi ba mu wahala shi ne Seishin, ɗan babban malamin gidan bautar Buda, aminin likita tun suna yara. Marubuci ne, yana rubuta littafi a kan Habila da Ƙabila, 'ya'yan Annabi Adamu, labarin da muka sani a Suratul Ma'ida. Da daddare yakan haɗu da Sunako, yarinyar gidan baƙi, wadda a ido ba ta wuce shekara 13 ba amma ta haura 100, kuma ita ce shugabarsu. Hujjarta ita ce ba ita ta zaɓi ta zama haka ba, yunwa ce, mutum ma yana yanka dabba ya ci, kuma Ubangiji ya juya mata baya. Seishin ya saurara, ya tausaya, ya naɗe hannu. Ya san abin da ke kashe mutanen da yake yi wa addu'ar jana'iza, bai faɗa ba, bai hana ba, daga ƙarshe ma ya koma wurinsu. Da ƙauyen ya kama da wuta ya ƙone ƙurmus, shi ya kashe Okawa ya ɗauke Sunako suka tsere. Masu fim sun ba wa zancen waɗannan biyu lokaci mai tsawo da kiɗa mai taushi, kamar suna so mu ce ai kowa da gaskiyarsa. Mu dai ba mu karɓa ba. Yunwa ba ta sa a ƙwace ofishin gari, ba ta sa a tsara wanda za a kashe gobe da wanda za a bari jibi. Sunako gari take so na kanta, ta kuma zaɓi ta same shi a kan gawar mutum 1,300. Wanda ya fara da wanda ya rama ya wuce gona da iri duka masu laifi ne, amma laifin ba ɗaya ba ne, kuma yaro ɗan shekara 14 da ke kallo shi kaɗai ba lalle ya iya raba su ba.

Akwai wani abu kuma da mai kallo a Japan ba lalle ya dame shi ba, amma mu ya dame mu. Ginshiƙin labarin shi ne baƙi sun zo gari, mutuwa ta biyo su, masu zarginsu tun farko su ne masu gaskiya. Mu kuwa sunan unguwarmu ma zango, wato masaukin ayari. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi hanyar Salaga tun kafin Bature ya zo, amma har yau akwai wanda in ya ji Hausa a bakinmu zai tambaye mu yaushe za mu koma gida. Dattawanmu suna tuna watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako 2 su bar ƙasa, aka ga waɗanda aka haifa a nan suna sayar da gidaje da arha suna hawa lori. A 1983 kuma gwamnatin Shagari ta yi wa 'yan Gana irin wannan a Nijeriya. Duk lokacin da abinci ya yi tsada ko cuta ta ɓulla, baƙo ake fara duba. Saboda haka labarin da ke cewa zargin baƙo daidai ne, dole mu karɓe shi da hannu biyu-biyu muna dubawa. Gaskiya ne fim ɗin ya ɗan kare kansa: ya nuna ƙauyen da tsegumi da ƙyamar duk wanda ba a haifa cikinsa ba, ya nuna yadda wannan hali ya sa matasa irin Megumi suka tsani garinsu tun kafin baƙi su zo, ya kuma nuna cewa yawancin waɗanda aka kafa wa turke 'ya'yan garin ne. Amma tushen na nan yadda yake, kuma tun daga Dirakula, baƙon da ya taso daga gabashin Turai ya shiga Landan, haka irin wannan labari yake.

Game da addini, ba sai mun tsaya ba. Mamaci ba ya dawowa duniya, yana barzahu har ranar tashi, wannan ko ɗan makarantar allo ya sani, kuma mun taso da tatsuniyar Dodo ba ta ɓata mana imani ba. Abin lura shi ne fim ɗin cike yake da jana'iza da tone kabari, ga wata yarinya, Kaori, da ta kashe mahaifinta da ya tashi har hankalinta ya gushe. Yaron da bai daɗe da rasa uwa ko uba ba, wannan ba abin kallonsa ba ne ko kaɗan.

In aka tambaye mu, ɗan firamare da ɗan ƙaramar sakandare ba su da abin yi da Shiki, kuma uban da ya gan shi a wayar ɗansa yana da hujjar ya goge, sai dai ya fi kyau ya faɗa masa dalili, don yaran yanzu abin da aka goge da safe kafin la'asar sun karɓo wurin aboki. Ɗalibin da ya kai shekara 17 ko 18 kuwa, gara a zauna a kalla tare da shi, a tsaya bayan kashi na 14 da na 18 a tambaye shi me ya gani, wa ya ba gaskiya, kuma da shi ne a Sotoba ran da aka nufi gidan bauta da sanduna ina zai tsaya. Da harshen Japan ake magana a ciki, ana samun fassarar Turanci a rubuce a ƙasan hoto, akwai kuma wanda aka sa wa muryar Turanci.

Wanda zai kalla kada ya tsallake kashi 2 ɗin nan da aka ƙara a 2011, waɗanda aka lamba 20.5 da 21.5, don sau da yawa ba sa cikin abin da yara ke turawa juna. Na farkon shi ne na farautar cikin bututun ruwa, inda aka jawo Nao. Na biyun labarin wata uwa ce, Motoko, mai tsananin tsoron kada mota ta kaɗe mata 'ya'ya a babban titi, har ba ta barin su su matsa kusa da shi. Ba titin ne ya ci su ba, kakansu ne da ya tashi daga kabari. Ita ce ta hau dutse ita kaɗai ta cinna wutar da ta cinye ƙauyen.